Izinin gini a arewacin Zamfara: Nawa ake biya, wa ke karɓa, kuma kuɗin wa ake zubawa a ƙasa?

Akwai wani abu da labaran hare-haren 'yan bindiga suka rufe a arewacin Jihar Zamfara, wato yadda garuruwan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ke ƙara faɗi a daidai lokacin da ƙauyukan da ke kewaye da su ke zama kufai. Manomin da aka kora daga gonarsa a ƙauyukan Moriki ko Dauran ko Kwashabawa cikin gari yake shigowa da iyalinsa, ya fara raɓawa a zauren ɗan'uwa ko ajin makarantar firamare, in ya samu hali ya sayar da sauran dabbobinsa ya nemi fegi a bayan gari. Gonakin bakin gari sun koma fulotai, dillalai sun samu kasuwa, masu buga bulo ba sa rasa ciniki duk da tsadar siminti. Masu ɗan abin hannu kuma, waɗanda noma da fataucin shanu suka zame wa kasada, sun karkata ga gina shaguna da gidajen haya, domin a ganinsu fili ba a kora shi daji kamar garke.

Saboda haka kuɗi masu yawa na shiga ƙasa a wannan yanki, kuma mafi yawansu hannu da hannu suke wucewa. Mai saye ya ba dillali, dillali ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai gona, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a takardar ciniki, shaidu biyu su dangwala, a yi fatiha a watse. Wannan tsari ya daɗe yana aiki, domin a da kowa ya san kowa, kowa ya san iyakar gonar kakan wane. Yanzu da gari ya cika da baƙi, kuma kuɗin da ke yawo ba duka aka san asalinsu ba, takardar mai unguwa kaɗai ba za ta iya ɗaukar nauyin da ake ɗora mata ba.

Abin da doka ta tanada

A takarda, al'amarin ba shi da ruɗani. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ayyana wuraren da za a ɗauka a matsayin birane, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a cikinsu, yayin da ƙananan hukumomi ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a sauran wurare. Dokar ta ce ba a sayar da fili ko a jinginar da shi sai da amincewar hukumar da ke da iko da shi. Game da tsara gari da izinin gini kuwa, akwai dokar tarayya ta 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006 shi ma ba ya cizo a jiha sai ita jihar ta mayar da shi dokarta.

Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ke neman wanda zai tuhuma kan izinin gini a Zurmi ko Shinkafi, Gusau zai dosa, ba Abuja ba. Jihar na da hukumar tsara birane ta ZUREPB da hukumar ZAGIS mai kula da bayanan filaye, kuma su ne ya kamata su zama ƙofar da mai gini zai bi. Matsalar ita ce nisan ƙofar. Ɗan kasuwar da ke son ɗora bene a kan shagonsa a Shinkafi sai ya yi lissafin hanyar Ƙaura zuwa Gusau, hanyar da matafiya ke bi da addu'a a baki, sannan ya yi lissafin zuwa nawa zai yi kafin fayil ɗinsa ya fito. Yawanci lissafin kan ƙare da cewa a fara ginin kawai, in jami'ai sun zo da jan fenti a san yadda za a yi da su.

A wannan "a san yadda za a yi" ɗin ne kuɗin jama'a ke zirarewa. Duk inda ba a kafe farashin izini a bango ba, farashin kan koma abin ciniki, a dubi rigar mutum da motarsa a yanka masa. Wanda ya biya ba tare da rasit na gaskiya ba, bai sayi komai ba illa shirun jami'in da ke wurin a ranar. In an sauya jami'in, sai a dawo masa sabo. Gwamnati ba ta ga kuɗin ba, mai gini bai samu kariya ba, kuma babu injiniyan da ya leƙa ya ga ko rodin da aka sa zai ɗauki benen.

Ba sabuwar magana ba ce a tsakanin gwamnoni. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018, ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton binciken asusunsu, suka kuma tattara dukkan harajinsu a kundi guda. Shirin SABER da ya biyo baya a 2022, na Dala miliyan 750, ya taɓo wannan batu kai tsaye: daga cikin sharuɗɗansa akwai cewa jiha ta wallafa a shafinta na intanet matakan samun takardar mallaka da izinin gini, da ofisoshin da za a bi, da kwanakin da za a ɗauka, da kuɗin da za a biya. Sharaɗi ne mai kyau, sai dai an yi shi ne don mai binciken da ke zaune gaban kwamfuta. Mutumin Zurmi, wanda ya ga an rufe layukan sadarwa na tsawon makonni tun daga watan Satumban 2021, wanda ko a ranar da babu dokar rufewa sai ya nemi tudu kafin kira ya shiga, ba a shafin intanet na Turanci zai san haƙƙinsa ba. Bayanin da ba a fassara shi da Hausa ba, ba a karanta shi a rediyo ba, ba a liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma da bakin kasuwa ba, an wallafa shi ne domin Bankin Duniya, ba domin mai gini ba.

Darasin Kano

Wanda ke ganin maganar takardu da bayyana kuɗi surutun 'yan boko ne, ya tambayi 'yan kasuwar Kano. Kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayun 2023, motocin rusau suka fito. Aka rushe gine-gine a filin sukuwa, da sabon ginin da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, da shagunan da ke jikin Filin Idi, da wasu wuraren. Hujjar sabuwar gwamnati ita ce filayen na jama'a ne, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta cefanar da su ba bisa ƙa'ida ba. Mutanen tsohuwar gwamnati suka ce an bi doka, haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa don amfanin jihar. Masu shagunan Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, wadda a watan Satumban 2023 ta umarci gwamnatin jihar ta biya su diyyar Naira biliyan 30. Daga baya ɓangarorin suka daidaita a kan Naira biliyan 3.

Ko mutum na tare da masu jar hula ko yana tare da Ganduje, akwai abin da ba a musu a kai. Mutanen da suka fi shan wahala ba su ne suka zauna a ɗakin da aka raba filayen ba. 'Yan kasuwa ne da suka sayi shago daga hannu na biyu ko na uku, suna riƙe da takardu masu tambarin hukuma, suna ganin sun tsira. Da tun farko an wallafa wane fili za a bayar, ga wane kamfani, a kan nawa, kuma wane asusu kuɗin suka shiga, da an yi rigimar tun kafin a zuba harsashi. Masu adawa da gina shaguna a jikin Filin Idi su yi adawarsu a lokacin, kotu ta raba gardama, ɗan kasuwa ya san abin da yake saye. Tun ran gini tun ran zane. Da aka yi cinikin a duhu, sai rusau ta zama hanyar bincike, kuma a ƙarshe baitulmalin jihar, wato kuɗin talakan da bai sayar ba bai saya ba, shi ya biya diyya.

Zamfara ba ta fi ƙarfin irin wannan ba. Jiha ce da mulki ya sha sauya hannu tsakanin jam'iyyu, kuma kowace sabuwar gwamnati kan zo da tuhumar wadda ta gada. Taƙaddamar da aka yi tsakanin gwamnatin Dauda Lawal da tsohon Gwamna Bello Matawalle kan kuɗin aikin filin jirgin saman Gusau ba ta yi nisa a tunanin jama'a ba: wannan ya yi zargi, wancan ya musanta, talaka na sauraro a rediyo ba shi da takardar da zai duba ya san mai gaskiya. Idan aiki babba da ke idon duniya zai iya zama haka, ina ga filin makarantar firamare ko gefen asibiti ko tsohuwar tashar mota a Ƙauran Namoda da wani zai wayi gari ya ga an yanka an raba? Ƙaura ma tana da wani abin lura na daban. Nan layin dogo ya tsaya tun 1929, kuma filayen da ke jikin layin na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne. Wanda ya sayi fegi a irin wannan wuri da takardar ciniki kaɗai, ranar da aka tashi farfaɗo da layin zai gane cewa wanda ya sayar masa ba shi da abin sayarwa.

Kuɗin wa?

Ɓangaren da ya fi nauyi, kuma wanda mutanen yankin ke magana a kansa da murya ƙasa-ƙasa, shi ne asalin kuɗin. Shekaru ke nan ana karɓar kuɗin fansa a Zamfara, ana ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi noma ko girbi, ana sayar da shanun sata. Waɗannan kuɗi ba a dawa suke ruɓewa ba. Wani kaso na tafiya a makamai da babura da man fetur, amma akwai masu kai kaya, da masu kai labari, da masu sayen dabbobin sata, waɗanda a cikin gari suke kwana. Duk duniya, fili da gini su ne mafakar kuɗin da ake son wanke wa fuska, domin bulo ba ya tambaya, kuma gidan haya kan mayar da kuɗin haram ya koma kuɗin haya mai rasit. Cewa hannun wasu na cikin gari na iya shiga lamarin ba ƙage ba ne: a watan Afrilun 2022 gwamnatin jihar da kanta ta tuɓe Sarkin Zurmi na lokacin tare da na Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga. A tsarin da sa hannun masu riƙe da sarauta shi ne ginshiƙin cinikin fili, wannan kaɗai ya isa ya sa a nemi shaida ta biyu.

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta san da wannan. Ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi da ya haura Naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Ta sanya masu harkar filaye da gidaje cikin waɗanda dole su yi rajista da sashen SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, su tantance abokan cinikinsu, su kai rahoton cinikin da ya ba su shakku. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta bayyana duk mai riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye na kamfani, kuma a watan Mayun 2023 hukumar CAC ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni ga jama'a. Waɗannan matakai na cikin abin da ya sa hukumar FATF mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi a duniya, wadda ta jefa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Fabrairun 2023, ta cire ta a watan Oktoban 2025.

Sai dai dokokin nan suna tafiya a layi ɗaya, ofishin izinin gini na tafiya a wani layin, ba sa haɗuwa. Misali mafi girma a Abuja ya faru, inda duk hukumomin nan suke da hedikwata. A watan Disambar 2024 wata babbar kotun birnin tarayya ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma, wanda EFCC ta ce shi ne kadara mafi girma da ta taɓa ƙwatowa a lokaci guda, kuma daga baya aka danganta shi da tsohon gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele, wanda ya ƙalubalanci hukuncin. A bar wa kotu abin da ke gabanta. Abin tambaya shi ne, gidaje ɗari bakwai da hamsin da uku ba a dare ɗaya suke tsirowa ba. An ba da fili, an kai siminti tirela-tirela, ɗaruruwan leburori sun yi aiki a fili kowa na gani. Wurin da ya fi sauƙi a tambayi "na wane ne, kuma da wane kuɗi" shi ne teburin da ake neman izinin gini, domin shi ne wuri ɗaya tilo da mai gini ke zuwa da ƙafarsa yana neman wani abu daga hukuma.

Ma'aikatan gwamnati ma suna da nasu kason a nan, ta fuska biyu. Tsarin mulki ya wajabta wa jami'an gwamnati bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki. Kowa ya san yadda ake zagaye wannan: a sayi fili da sunan mata ko ƙane ko yaron gida. Rajistar izinin gini da ke ɗauke da sunan ainihin mai kuɗin za ta ba hukumar abin gwadawa. Ta ɗaya fuskar kuma, ƙaramin ma'aikaci mai gaskiya shi ne ya fi cutuwa da rashin tsari. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da ake cire wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa duk wata zuwa asusun gidaje na ƙasa, in ya tashi neman rancen gina gida za a tambaye shi takardar mallaka da taswirar gini da hukuma ta amince da ita. Takardar mai unguwa ba ta wucewa a banki. Ya yi shekaru yana zuba adashen da ba zai iya kwasa ba.

Inda gizo ke saƙa

Akwai hujja mai ƙarfi a kan kiran a bayyana komai, kuma a Zurmi ba hujjar wasa ba ce. Garin da 'yan bindiga suka kai wa ofishin 'yan sanda hari, suka kuma afka wa fadar sarki a watan Afrilun 2024, ba wurin da za a liƙa sunayen masu gina gidaje da darajar gidajensu a bango ba ne. Irin wannan jeri, mai kai wa 'yan bindiga labari ne zai fara karanta shi. Da yawa daga cikin masu hali a yankin suna ɓoye dukiyarsu ne don tsoron a sace su ko a sace 'ya'yansu, ba don sun sata ba. Duk dokar da ba ta bambance mai ɓoyewa don tsoro da mai ɓoyewa don laifi ba, za ta kori masu gaskiya su tattara jarinsu zuwa Gusau ko Kano ko Maraɗi, ta bar garin da waɗanda ba sa jin tsoron kowa.

Haka kuma sharaɗin biya ta banki. Yankin na fama da ƙarancin rassan banki, jama'a da masu POS suka dogara, kuma wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta ƙara wa mutanen karkara rashin yarda da ajiya a banki. Ɗan gudun hijirar da ya sayar da sa biyu ya sayi fegi zai kafa ɗaki biyu na laka ya rufa da kwano, in aka ce ya kawo bayanan asusunsa da taswirar injiniya, an ƙara masa azaba ne kawai, an kuma buɗe wa jami'in da ba shi da tsoron Allah sabuwar hanyar tatsa.

Mafita, a ganina, ita ce a raba abin hawa-hawa, kuma hukuma ta fara buɗe nata littafin kafin ta nemi na jama'a. Abin da ya shafi gwamnati babu dalilin ɓoye shi ko kaɗan: kuɗin kowane irin izini, asusun da ake biya, adadin izinin da aka bayar a kowace ƙaramar hukuma duk wata uku, jimillar abin da aka tara, da duk wani filin jama'a da aka sauya wa amfani tare da sunan kamfanin da aka ba da abin da ya biya. Babu wanda za a sace saboda an faɗi kuɗin izinin gina shago. Ƙaramin gidan zama na ƙasa kuwa a bar shi da rajista mai sauƙi a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuɗi kaɗan tsayayye, kuma a yafe wa wanda aka tabbatar rikici ne ya raba shi da garinsu. Inda ya kamata a tsananta shi ne bene, da rukunin shaguna, da gidan mai, da otal, da duk ginin da za a sayar ko a ba jama'a haya da yawa. A nan mai nema ya kawo lambar rajistar kamfaninsa, da sunayen ainihin masu shi kamar yadda suke a CAC, da shaidar cewa kuɗin filin ta banki suka bi. Sunan mutum da darajar gininsa su zauna a hannun hukuma, kotu da masu bincike su iya gani. Abin da za a nuna wa jama'a shi ne lambar fili, da irin ginin da aka amince, da hawa nawa, da sunan injiniyan da ya ɗauki alhaki.

Kuɗin masu saye

Saura wani nau'in kuɗin da ba a cika maganarsa ba, wato na 'yan kasuwar da ke biyan kafin alƙalami. Tsarin ya zama ruwan dare a kasuwannin Arewa: hukuma ta ba ɗan kwangila fili ya gina shaguna, shi kuma ya fara sayar da su tun suna kan takarda, da kuɗin masu saye yake ginin. In ya karkatar da kuɗin zuwa wani aikin, ko farashin siminti ya tashi kamar yadda ya yi a farkon 2024, sai aiki ya tsaya a linta, ko a rage rodi a ƙara yashi. Wani lokaci a sayar wa mutum biyu shago ɗaya. Mai saye ba shi da hanyar sanin shago nawa aka amince a gina, nawa aka riga aka sayar, ko ina kuɗinsa suke.

Benen mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da 40 har da mai ginin, ya nuna iyakar wannan duhu. Bayan ruftawar ne jama'a suka ji cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido kan aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun 2020, kuma aka ji jami'an jihar suna saɓa wa juna kan ko hawa 15 aka amince ko 21. Leburorin da ke ciki da waɗanda suka zuba kuɗinsu babu wanda ya nuna musu waccan takarda. Kano ma ta ga nata a watan Agustan 2022, lokacin da wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan kafa da doka mai sauƙin fahimta. Dubai, inda attajiranmu ke rububin sayen gidaje, tun 2007 ta wajabta wa mai gina gidajen sayarwa ya buɗe asusun amana na musamman ga kowane aiki, kuɗin masu saye su shiga can, ba a sakar masa sai gwargwadon yadda gini ya ci gaba. Indiya ta yi tata dokar a 2016, ta ce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin masu saye su zauna a asusu na daban, ba a taɓa su sai don filin da ginin aikin. Abin mamaki, mutumin da ya yarda da wannan sharaɗi a Dubai shi ne zai ce ba zai yiwu a gida ba. A jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, ba sai an yi dogon bayani kan rubuta bashi da kafa shaidu ba; aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka. Majalisar dokokin jiha na iya tsara irin wannan asusu ba tare da ruwa ba, ta ɗora wa bankunan da ke hulɗa da gwamnati alhakin riƙe shi.

Ƙananan hukumomi su ne za a fi zuba wa ido nan gaba. Tsarin mulki ya ba su kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, da sanya wa tituna suna da lambar gidaje, da karɓar harajin gine-gine. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan kuɗin suka fara isa hannunsu yadda hukuncin ya ce, aikin farko da shugabanni da yawa za su sa a gaba shi ne sabunta kasuwa da gina shaguna, domin shi ne aikin da ake gani, kuma shi ne mai rabo. Kasuwar Shinkafi, wadda ta yi suna tun kafin rikici ya durƙusar da ita, tana cikin wuraren da za a yi wa wannan kwaɗayi.

'Yan kasuwa ba sai sun jira majalisa ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tana aiki a kan jihohi ma. Ƙungiyar 'yan kasuwar Ƙaura ko ta Zurmi na iya rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya da sunan ƙungiya, don kada idon kowa ya faɗa kan mutum ɗaya, ta nemi jadawalin kuɗin izinin gini, da lambar asusun da ake biya, da jerin filayen kasuwa da na tasha da aka bayar daga 2019 zuwa yau, da kwafin yarjejeniyar duk wani ɗan kwangila da ke sayar da shaguna a ƙaramar hukumar. A kai wasiƙar, a karɓi kwafi mai tambarin ofis da kwanan wata, domin daga ranar ne kwana bakwai ɗin ke fara ƙirguwa.